Sabon Jirgi, Sabuwar Doka: Abin da Za Ka Tarar Idan Ka Canza Kamfanin Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kawuna ya iso gidana a Ƙofar Kaura daga Daura, riƙe da takardu cikin jakar leda. Shekara biyu ke nan da ya ɗauki Hajiya suka yi mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa daga Dubai, suka zaga Abu Dabi da Doha suka dawo. Tafiyar ta yi musu daɗi har ya sake biyan kuɗin wata, wannan karon a Bahar Rum, kuma da wani kamfani dabam. Na tambaye shi ko ya karanta sharuɗɗan sabon kamfanin. Ya ce, "Haba ɗana, jirgi ai jirgi ne. Wanda ya hau ɗaya ya hau duka." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ni ma haka na ɗauka kafin in hau na biyu."

Mun zauna a zaure har kiran la'asar ina yi masa bayani, kuma abin da na faɗa masa ne nake rubutawa a nan. Kowane kamfani gida ne mai al'adarsa. Abin da aka ba ka kyauta a wancan, a wannan sayarwa ake yi. Lokacin cin abinci, harshen sanarwa, kuɗin da ake ciniki da shi, suturar da ake so ka sa da dare, duk suna sauyawa. Wanda ya taɓa hawa sau ɗaya ya fi sabon shiga saurin faɗawa kuskure, domin shi sabon shiga yana tambaya, shi kuwa yana ganin ya sani.

Mataki na farko: san gidan da za ka shiga

Babu ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan da ke ɗaukar fasinja a kai a kai daga Legas, saboda haka tafiyar mutumin Katsina ko Daura da jirgin sama take farawa, ta Kano ko Abuja, zuwa garin da jirgin ruwan zai tashi. Wuraren da suka fi mana sauƙi huɗu ne. Akwai Dubai, inda jirage ke zaga Tekun Fasha lokacin sanyi, daga wajen Nuwamba ko Disamba zuwa Maris. Akwai Jidda a Bahar Maliya. Akwai Durban da Cape Town a Afirka ta Kudu, lokacin zafinsu, wanda ya zo daidai da hunturunmu. Sai Bahar Rum, daga Basalona a Sifaniya, Marsai a Faransa, ko Jenowa da tashar Civitavecchia ta kusa da Rum a Italiya.

Kamfanonin MSC da Costa tushensu Italiya, kuma ana ganin hakan a cikin jirgi: taliya da fiza ba sa yankewa, ana cin abincin dare a makare, kuma sanarwa ɗaya ana maimaita ta da harsuna da dama, Italiyanci, Ingilishi, Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci. A Bahar Rum sukan ɗauki fasinja a tashoshi dabam-dabam, wato ranar da kai ka shiga, wasu suna tsakiyar tafiyarsu, wasu gobe za su sauka. Royal Caribbean da Norwegian da Carnival kuwa mazauninsu Amurka, komai da Ingilishi, ciniki da dala. Jiragen Royal Caribbean sun yi suna wajen girma. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata. Akwai kuma AIDA da Mein Schiff, waɗanda aka shirya domin Jamusawa. Idan ka ga farashinsu ya yi sauƙi a intanet, ka tuna kusan komai a ciki da Jamusanci ake yi.

Wanda ya fi dacewa da yawancin mutanenmu, a ganina, shi ne AROYA na Saudiyya, da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024. An tsara shi bisa al'adar Larabawa: abinci halal, akwai wuraren salla, babu gidan caca. Dattijon da ba ya son ganin abin da zai sosa masa rai, can ya kamata ya fara dubawa. Sauran kamfanonin akwai mashaya a kusan kowane hawa, akwai gidan caca, kuma wajen tafkin wanka mutane na zama da kayan ninƙaya. Gara ka san da wannan tun kana gida. Jirgin yana da faɗin da za ka kauce wa wuraren da ba ka so, amma ba za ka ce ba ka gansu ba.

Mataki na biyu: takardu da abin da za a aika kafin tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa. Biza kuwa, duba jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsaya ga ƙasar da za ka fara sauka. Idan jirgin zai fita daga yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ya taɓa Tunisiya ko Turkiyya misali, sannan ya dawo Italiya, bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba. Haka a Dubai: fita zuwa Doha ko Bahrain da dawowa shiga biyu ne a wurin jami'an shige da fice. Alhakin biza a wuyanka yake. In babu ita za a hana ka hawa tun daga tasha, kuma sharuɗɗan kamfanoni ba su tanadi mayar da kuɗi a kan wannan ba. Bizar Shengen tana tafiya da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ka tabbatar inshorar ta haɗa da jinya a cikin jirgin ruwa. Ka sa katin allurar shawara tare da fasfo.

Mai juna biyu ta lissafa makonninta da kyau. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda za ta shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare. Jariri kuma da yawansu suna so ya kai wata shida.

Sai batun abinci, wanda mutanenmu suka fi sakaci da shi. Idan kana son naman halal, tun wajen biyan kuɗi ake rubutawa. Wasu kamfanoni suna neman a sanar da su wata ɗaya da rabi kafin tafiya, wasu har wata uku, domin naman a daskare ake sayo shi a loda a tasha. Wanda ya bari sai ya shiga jirgi ya yi magana, ba lallai a samu ba. Ka nemi amsar a rubuce, ka buga ta a takarda.

Ka sauke manhajar kamfanin a wayarka tun kana Katsina, inda kake da data mai sauƙi, ka yi rajistar shiga, ka sa hoto, ka zaɓi lokacin isa tasha. Kuma ka sauka garin da jirgin zai tashi kwana ɗaya kafin ranar. Jirgin sama na iya jinkiri. Na ruwa ba ya jiran fasinja.

Mataki na uku: ranar shiga

Da isarka tasha, ma'aikata za su karɓi manyan akwatuna, waɗanda ka riga ka liƙa wa takarda mai lambar ɗakinka. Ba za ka sake ganinsu ba sai yamma, wani lokaci bayan isha, a ƙofar ɗaki. Saboda haka ƙaramar jakar hannu ta ƙunshi fasfo, magunguna, cajar waya, darduma, da kaya kala ɗaya. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya kuskura ya bar maganinsa a babban akwati.

Duk akwatunan sai sun bi ta na'urar bincike, kuma a nan ne kayanmu na gida ke maƙalewa. A tafiyata ta biyu akwatin maiɗakina bai iso ba har aka yi magariba. Sai ga takarda ta ƙarƙashin ƙofa ana nemanmu a wani ɗaki can ƙasan jirgi. Muka tarar da akwatin a buɗe kan tebur, jami'i ya fito da kaskon turaren wuta na lantarki da ƙaramin dutsen guga. Ya rubuta mana rasit, ya ce za a mayar mana ranar sauka, aka kuwa mayar. Babu abin da masu jirgin ruwa ke tsoro kamar gobara, shi ya sa ake hana dutsen guga, butar dafa ruwa, kyandir, gawayi, turaren tsinke, da irin soket mai tsawo ɗin nan mai kariyar wuta. Hajiya ta ɗauki humra da turaren feshi, ta bar na wuta a gida. Kilishi da dambun nama kuwa tun a filin jirgin sama za su iya jawo maka matsala, domin ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje. Yaji a cikin kwalba mai murfi shi ne abokin tafiyarka.

A teburin rajista za a duba fasfo, a ɗauki hotonka, a ba ka kati mai sunanka. Wasu kamfanonin a ƙofar ɗaki za ka tarar da shi. Wannan kati shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidarka wajen fita da shiga a kowace tasha, kuma shi ne jakar kuɗinka. A jikinsa an rubuta lambar teburin abincinka da wurin taruwarka idan hatsari ya taso. Ka sayi igiya ka rataya shi a wuya.

Kafin jirgi ya tashi dole ne kowa ya yi atisayen ceto. Wannan doka ce ta duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar kare rayuka a teku wadda aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912. A da akwai sassauci na yin atisayen cikin awa 24 da shiga. Bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsananta ya zama kafin tashi ko nan take bayan tashi. Yadda ake yinsa ya bambanta. Wani kamfani zai tara ku duka a babban zaure. Wani kuma za ka kalli bidiyo a ɗakinka ko a wayarka, sannan ka taka da ƙafarka zuwa wurin taruwa a duba katinka. Ina roƙonka kada ka yi wasa da wannan. Ka bi matakala maimakon lifta, domin ran da abu ya faru ba a hawa lifta. Ka ƙirga ƙofofi daga ɗakinka zuwa matakalar. Ka duba inda rigar ceto take. Alamar hatsari busa bakwai ne gajeru da ɗaya mai tsawo. Mu da yawancinmu ba mu taɓa shiga ruwan da ya wuce na dam ɗin Ajiwa ko na Zoɓe ba, ba mu da dalilin raina wannan darasi na minti ashirin.

Mataki na huɗu: ɗaki

Ɗakuna iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga da ba ta buɗuwa, mai baranda, da manya masu falo. Na ciki ya fi araha, amma idan aka kashe fitila duhu ne ɗulum ko da tsakar rana, kuma babu abin da zai nuna maka alfijir ya keto sai agogo. Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa-ƙasa, can ne motsi ya fi sauƙi. Kada ka yarda da ɗakin da ke ƙarƙashin wurin kiɗa ko tafkin wanka.

Kada lambobin hawa su ruɗe ka. Jiragen MSC ba su da hawa na 17, saboda Italiyawa na camfa wannan lamba, kamar yadda wasu jiragen Amurka ke tsallake 13.

Soket ɗin bango galibi na Amurka ne mai leɓe biyu ko na Turai mai zagaye biyu. Namu mai ƙafa uku ba zai shiga ba, sai da adafta. Banɗakin ɗan ƙarami ne, masai kuma da iska yake zuƙa, da ƙara mai firgita wanda bai saba ba. Ba a jefa komai a ciki in ban da takardar da suka ajiye, domin abu kaɗan ke toshe bututun layin ɗakuna gaba ɗaya. A yawancin jiragen Turai da Amurka babu tiyon tsarki. Ka zo da ƙaramar butar roba, ita ce abin da na fi gode wa kaina da ɗauka.

Mai gyaran ɗakinka zai zo ya gabatar da kansa a ranar farko. Ka riƙe sunansa, ka faɗa masa buƙatunka gaba ɗaya: a haɗa gadaje ko a raba, ƙarin tawul, a kwashe kwalaben giya daga ƙaramin firij. Da yawa daga cikin ma'aikatan nan 'yan Filifin ne da Indiya da Indunusiya, suna wata da watanni ba su ga iyalansu ba. Cikin 'yan Indunusiya akwai Musulmi da yawa. Wanda ya kula da ɗakinmu, da ya ga darduma a shimfiɗe, sallama ya yi mana, kuma shi ne ya nuna mini tashar talabijin da ke nuna inda jirgi ya dosa.

Mataki na biyar: salla

Wannan tasha ta talabijin ita ce maganin matsalar alƙibla. Kamfas ɗin waya yakan rikice saboda jirgin duk ƙarfe ne, amma taswirar tana nuna inda kuke da inda hancin jirgi ke kallo. Mu a Katsina mun saba da fuskantar gabas, to ka cire wannan daga ranka. A Dubai alƙibla wajen yamma take. A Basalona kuwa gabas ce mai karkata kudu. Idan jirgi na tafiya cikin dare yakan daɗe a kan layi ɗaya, saboda haka da ka gano ɓangaren, ka tayar da sallarka. Lokutan salla ma suna bin wurin da jirgin yake, ka riƙa sabunta manhajar lokuta a kowace tasha, ko ka fita saman jirgi ka dubi rana da idonka.

A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, ƙasaru ya halatta a tafiyar ruwa kamar ta tudu, amma rangwamen haɗa salla biyu saboda tafiya malamai sun keɓe shi ga tafiyar tudu. Ka zauna da malaminka kafin ka tashi, ka nuna masa jadawalin tafiyar. Idan babu masallaci a jirgin, je teburin kula da baƙi ka tambaya ko akwai ɗakin da ba kowa a wasu lokuta. In kun kai ku biyar ko shida, sukan saurara.

Mataki na shida: abinci, da abin da ke kyauta da wanda ba kyauta ba

Wurare biyu ne kuɗin tikitinka ya biya: babban ɗakin cin abinci inda ake zama a kawo maka, da wurin ɗebi-da-kanka a can sama, wanda ke buɗe kusan duk yini. Ban da su akwai ƙananan gidajen abinci na musamman, na gasasshen nama ko na Japanawa, waɗannan biya ake yi.

A babban ɗakin, kamfanoni da yawa suna raba mutane zama biyu, na farko wajen ƙarfe shida zuwa shida da rabi, na biyu wajen takwas da rabi zuwa tara, tebur ɗaya da ma'aikaci ɗaya har ƙarshen tafiya. Norwegian kuwa ya yi suna da tsarin kowa ya zo lokacin da ya ga dama. Duba katinka. Idan zaman da aka ba ka ya ci karo da magariba, ko an haɗa ku tebur da baƙin da Hajiya ba za ta sake da su ba, je wurin shugaban ɗakin tun ranar farko da rana, kafin tebura su ƙare. A nan kuma za ka miƙa masa takardar halal ɗinka. Yawanci za a riƙa kawo maka jerin abincin gobe tun yau ka zaɓa.

In ba a samu halal ba, kifi da ƙwai da kayan lambu da shinkafa da taliya sun isa su riƙe ka mako guda. Sai dai ka riƙa tambaya kafin ka ci. Turawa na zuba giya a miya da romo da wasu kayan zaƙi, suna yayyanka naman alade a cikin taliya da wake, kuma wasu kayan zaƙi masu santsi da sinadarin ƙashi ko fatar alade ake daskarar da su. Matambayi ba ya ɓata, kuma ma'aikatan sun saba da irin waɗannan tambayoyi.

Ruwan sha shi ne abin da ya koya mini cewa kamfani ya bambanta da kamfani. A jirgina na farko tulu guda ake ajiye mana a tebur, ana ƙarawa ba a tambaya. A na biyu, ma'aikaci ya tambaye ni mai gas ko marar gas, na zaɓa, ya kawo kwalba, ya karɓi katina. Dare bakwai muna shan kwalba biyu, sai a takardar ƙarshe na ga kowace da farashinta da kuɗin hidima a kai. An rubuta wannan a sharuɗɗansu, ni ne ban karanta ba. A wurin ɗebi-da-kanka akwai famfon ruwa da shayi kyauta, ka zo da gora ka riƙa cikawa. Duk lokacin da aka ce ka miƙo kati, to kuɗi ne zai fita. Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace da aka matse a gabanka ana sayar da su ɗaya-ɗaya ko a dunƙule na duk tafiyar. Akwai dunƙulen marar giya, shi za ka nema, kuma ka lissafa ko za ka sha abin da ya kai kuɗinsa.

A tafiyar mako guda akwai dare ɗaya ko biyu na ado. Kada ka wahalar da kanka da kwat. Kaftani na shadda da hula, ko babbar riga, sun wadatar, har mutane za su tsayar da kai su yaba. Abin da ake hanawa a babban ɗaki da dare shi ne gajeren wando da silifa.

Mataki na bakwai: kuɗi da waya

Ba a ciniki da tsabar kuɗi a cikin jirgi. Za ka haɗa katinka na jirgi da katin banki, ko ka ajiye tsabar kuɗi a asusun. Katin naira na iya ƙin aiki ko ya tsaya a kan iyaka, saboda haka ka tafi da katin asusun dala ko tsaba. Jiragen Amurka da dala suke lissafi, na Turai a Bahar Rum da yuro. Banki yakan riƙe wani adadi a matsayin jingina, ya sake shi bayan kwanaki.

Akwai kuɗin hidima da ake ɗorawa kowane mutum a kowane dare, wanda ake raba wa ma'aikata. A kamfanonin Amurka yana kaiwa wajen dala 16 zuwa 20, a na Turai wajen yuro 12, kuma yana sauyawa daga shekara zuwa shekara. Wani tikitin an riga an haɗa shi a ciki, wani ba a haɗa ba. Mutum biyu a dare bakwai, ka ga kuɗi ne da ya kamata a sani tun daga gida. Ka riƙa duba asusunka a manhaja ko a talabijin kowane dare. Kuskuren da aka gani a ranarsa cikin minti biyar ake gyara shi, na daren ƙarshe kuwa sai ka bi dogon layi.

Da jirgi ya bar gaɓa, sa wayarka a yanayin jirgin sama. In ba haka ba za ta kama layin tauraron ɗan adam na jirgin, wanda ke cinye kuɗi cikin ƙiftawar ido. Manhajar kamfanin tana aiki kyauta da wayfai na jirgi, a ciki za ka ga jadawalin yini. Intanet na WhatsApp da kira zuwa gida kuwa saye ake yi, kuma ya fi araha idan ka biya kafin tafiya. Ka faɗa wa mutanen gida cewa wasu ranakun ba za su same ka ba sai kun isa tasha, kada hankalin tsohuwa ya tashi.

Mataki na takwas: lafiya

Manyan jirage suna da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, kuma a Tekun Fasha sau da yawa ba za ka ma ji ana tafiya ba. Bahar Rum lokacin sanyi da tekun Durban sun fi motsi. Idan zuciya ta fara tashi, fita waje ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ka tauna citta, kada ka bar ciki wayam. Maganin jiri kafin a fara ji ake shansa. Wanke hannu da sabulu kafin kowane cin abinci, domin cutar amai da gudawa na saurin yaɗuwa inda mutane suka cunkushe. Akwai asibiti da likita a jirgi, amma da tsada, ka karɓi rasit domin inshora.

Mataki na tara: sauka a tashoshi

Kowace safiya kusan gari sabo ne. A bakin ƙofar fita akwai allo da aka rubuta lokacin da kowa zai dawo, galibi rabin awa kafin tashi. Ɗauki hotonsa. Agogon jirgi ake bi, wanda wani lokaci ya saɓa da na garin, ita kuma waya da kanta take komawa na garin. Ka ɗaura agogon hannu da ka saita da na jirgi.

Yawon da kamfani ya shirya ya fi tsada, amma idan motarsu ta makara jirgi na jira. Idan kai ka ɗauki tasi ka makara, sai dai ka bi jirgin zuwa tasha ta gaba da kuɗinka, da bizar da wataƙila ba ka da ita. A jadawalin yini akwai lambar wakilin kamfani na wannan tasha, ka fita da ita a aljihu. Ka lura kuma da nisan tasha da gari: daga Civitavecchia zuwa Rum tafiyar fiye da awa ɗaya ce, kusan kamar daga Katsina zuwa Daura. A irin wannan na fi son bin motar kamfani. A garuruwan da tasha ke bakin gari, kamar Valletta a Malta, ƙafarka ta ishe ka. Wasu wuraren jirgin ba ya iya matsawa gaɓa, sai a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage. Mai ciwon gwiwa ya yi tunani kafin ya shiga, domin ana taka su ne suna rawa a kan ruwa.

Daren ƙarshe za a kawo takardu masu launi a liƙa wa akwatuna, a ajiye su a bakin ƙofa kafin lokacin da aka faɗa. Ka ware kayan da za ka sa da safe, da fasfo da magani, kafin ka rufe akwati. Da safe ana kiran mutane launi-launi, kuma ana so a bar ɗaki da wuri, wajen ƙarfe takwas. Wanda ya ajiye tsabar kuɗi ya je ya karɓi ragowarsa, wanda aka riƙe wa kaya ya tafi da rasit ɗinsa. Kada ka yanki tikitin jirgin sama na kafin azahar a ranar.

Da na kai nan, Kawu ya zaro biro daga aljihun gaba ya juya bayan takardar tikitinsa. Ya rubuta abu uku: biza mai shiga da yawa, wasiƙar halal, buta. Sannan ya ɗaga waya ya kira Daura, na ji yana cewa, "Hajiya, kaskon nan naki a fitar da shi daga akwati."